Asirin Hajara da Na Kai Coci

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. An samu ruwan shuka da wuri, kowa ya fita da sungumi, gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta ɗauke cak. Yau kwana goma sha shida rabonmu da ko ɗigo. Da hantsi in na zaga bayan gida na dubi 'yar gonata, sai in tarar ganye ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari fat, tururuwa na ta kai-komo a bakin ramin shuka. Duk shekarar da aka yi haka, hankalina ba ya zama a ƙauyen nan namu. Dutse yake komawa, unguwar Takur, jikin wata katangar ƙasa da tsayinta bai wuce haɓata ba.

Sunana Saratu, amma a Takur Maman Iliya ake ce mini. Mu Hausawa ne kuma Kiristoci, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Maigidana, marigayi Baban Iliya, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Da aka yanke Jigawa daga Kano aka rarraba ma'aikata, sunansa ya faɗo cikin masu tafiya Dutse, muka ɗaure 'yan komatsanmu muka bi. Dutse ta wancan lokacin ba ta yanzu ba ce. Duwatsu ne tsibi-tsibi, da itatuwan dabino, da gonaki har cikin unguwa. Ranar Juma'a da yamma ma'aikata duk sai su kwashe su koma Kano, garin ya yi tsit kamar an yi shara. Mu da ba mu da gida a Kano sai mu zauna mu yi ta kallon duwatsu.

Kaɗaici na sha shi a garin nan, ba kaɗan ba. Baban Iliya in ya fita da ogansa sai ya yi kwana huɗu, biyar. Iliya, ɗanmu tilo, yana makarantar kwana. A bakin famfo, in mata suka ji Hausata tsaf sannan suka ga na fito ranar Lahadi zan tafi coci, sai su yi ta kallona suna taɓa juna. A coci kuma yawancin mutanen daga Filato suke da kudancin Kaduna da Kudu, in an tashi kowa ya ja ɗan yarensa gefe su yi ta yi, ni kuwa in tsaya ina gyara ɗankwali. Ga ni kuma Allah ya yi ni da baki. Tun ina yarinya innata ke cewa in na yi shiru a duba ni, ba ni da lafiya. To mai baki irina a ajiye ta a ɗaki biyu da tsakar gida ita kaɗai, me kuke zato? Da kaji nake hira.

A haka Hajara ta same ni. Wata safiya ina yi wa wata kaza faɗa a kan ta ƙi kwanci, sai na ji murya daga bayan katanga.

"Baiwar Allah, don Allah da wa kike magana tun ɗazu?"

Na ce, "Da kaza."

"To me ta ce?"

"Ta ce in sa mata ido."

Na ji an tuntsire da dariya, sannan wata fuska ta leƙo, doguwar mace siririya mai wushirya. Matar Malam Sule ce, maƙwabcinmu, manomi ɗan asalin wurin, wanda gari ya riga ya cinye rabin gonar da ya gada. Hajara tana kulle, ba ta fita sai da dalili. Ni kuwa ƙafata ba ta zama. Sai na zamar mata rediyo. In na dawo kasuwa, tun kafin in sauke kwando zan doki katanga in ce, "Hajara, fito ki sha labari!" Ita kuma ta koya mini dambun zogale irin na nan, da yadda ake yi wa daddawa ajiya. Ran da aiki ya yi yawa sai in zaga gidanta mu yi daka tare, taɓarya biyu a turmi ɗaya, har da luguden da ke sa 'ya'yanta uku rawa. Da babbar Sallah cinya guda take ware mini. Da Kirsimeti Baban Iliya kan kai zakaranmu wa Malam Sule ya yanka, don gidansu ma su ci. Shekara takwas muna haka. In na faɗi gaskiya, duk faɗin Jigawa ba ni da kowa sai ita.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ta zo. Mu dai a unguwarmu ba wanda ya taɓa mu, amma labarin abin da ya faru a wasu garuruwa yana zuwa, kuma tsoro ya shiga jikin kowa. Maza da yawa a cocinmu suka mai da matansu da yara gida. Benci ya yi ta zama wayam. Fasto kusan kowace Lahadi a kan harshe yake wa'azi, cewa mai bi ya san abin da zai faɗa da inda zai faɗe shi. Baban Iliya kuwa duk ran da zai yi tafiya, yana ɗaure takalmi yana maimaita mini abu ɗaya.

"Saratu, na san ki. A kasuwa ki sayi abinki ki dawo. A famfo ki ɗebi ruwanki ki dawo. Ko me kika ji, ki haɗiye."

Na kuwa haɗiye. Na zama mai gaisuwa da ka. Mai kayan miya da muka saba ciniki da tsiya da dariya har ya tambaye ni ko haƙori ke damuna. Na ɗauka na koyi riƙe baki, har ina yaba wa kaina. Hajara kaɗai ce ba ta sauya ba. Ran da na tambaye ta ko Malam zai hana ta hulɗa da ni, sai ta harare ni ta ce, "Ke dai Saratu da neman magana. Kin ga an ƙara wa katangar nan tsayi ne? Miƙo mini gishiri."

Daminar shekarar ta fara da kyau. Ruwan farko ya sauko da la'asar, da iska mai ƙamshin ƙasa, washegari gari ya fashe zuwa gona. Malam Sule ya saba yanka mini 'yar gayauna a gefen gonarsa, can bayan dutse, ina zuba gyaɗa da kuɓewa. Maza na gaba suna sara, mu da yara muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Shuka ta fito kore shar. Aka yi gayyar noman firi, Hajara ta dama kunu tulu guda, ni na ɗauka a ka na kai wa manoma.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, biyu, uku. Hadari zai haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, a kwashe shanya, a jera bokitai a ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsar da shi. Zafi kuwa sai wanda ya gani. Duwatsun nan su sha rana tun safe, da yamma su yi ta huci a kan mutane. Kwanon rufinmu har ƙara yake yi. Musulmi suka fita roƙon ruwa a fili, manya da yara. Mu ma a coci muka yi azumin kwana uku. Ina tuna rana ta uku, ina kwance a kan siminti leɓena ya tsage, ina jin kukan akuyar maƙwabta da ta rasa ciyawa. Da ruwan ya dawo, gero ya riga ya ƙone a yawancin gonaki. Dole aka sake shuka, kuma wanda bai ajiye iri na biyu ba, daga abincin gidansa ya ɗiba. Hatsi ya yi tsada a kasuwa. Mata suka fara fita da sassafe yagar tafasa da rama a bakin hanya. Kaka kuwa ta ƙara nisa da kusan wata guda.

A cikin wannan hali ne kunnena ya jiyo abin da bai kamata ya sani ba. Kullum bayan azahar Hajara kan yi daka, kamar kowace mace a unguwar. Amma duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san ƙarar turmi mai hatsi: nauyi gare ta, tana shiga ƙasa. Wannan kuwa ƙarar fayau take, taɓarya na dukan itace. Kwana uku ina ji. Rana ta huɗu na yafa gyale na zaga, ban ko tsaya dogon sallama ba. Na leƙa turmin. Dusa ce, irin wadda ake ba awaki.

Hajara ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana duban ƙofar zaure.

"Rumbu ya ƙare tun shuka ta biyu. Dusar nake tankaɗewa in haɗa da tafasa yara su samu na sawa a ciki. Dakan kuwa don maƙwabta ne. In aka ji gidan nan shiru lokacin daka, an san abin da ake ciki. Mahaifin Malam shi ke ciyar da rabin unguwar nan a zamaninsa. Malam ya gwammace ya mutu da a ce gidan ya koma haka."

Ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Wata huɗu.

"Saratu, ko uwar da ta haife ni ban gaya wa ba. Ki rufa mini asiri."

Na ce, "Haba Hajara! Daga ni sai Allah. Zan dai sa ku a addu'a."

Daga ranar muka samu hanyarmu. Mu ma ba wani abin kirki gare mu ba, amma akwai ragowar masara da aka aiko mana daga gida. Kullum da hantsi, lokacin da maza suka tafi gona, sai in zuba gari kwano ɗaya in rufe da tsumma, in ɗora a kan katanga kamar shanya nake yi. In na juya baya kwanon ya ɓace. Da yamma ya dawo wankakke. Ina jin Malam Sule ya sani, amma tunda ba a faɗa ba, babu abin da ya sani. Yara suna samun tuwo sau ɗaya a rana. Da na bar abin a haka, da ya kai su kaka lafiya.

Kowace Talata da yamma muna taron zumuntar mata a coci. Bayan waƙa da karatu akwai lokacin da ake kira roƙon addu'a: duk mai damuwa ta miƙe ta faɗa, a haɗu a kai wa Ubangiji. Wannan ta ce mijinta ba shi da lafiya, waccan ta ce ɗanta zai rubuta jarrabawa. Talata biyu ina zaune da maganar Hajara a ƙirjina kamar na haɗiyi ƙwallon goruba. Ku tuna kuma wata nawa na yi ina ƙunshe baki a kasuwa da famfo. Cocin nan shi ne kaɗai wurin da nake jin an sake ni. A Talata ta uku shugabarmu, Mama Rahila, wata dattijuwa mai ƙiba mai saurin hawaye, ta dube ni.

"Maman Iliya, ke da ba kya rasa abin faɗa, yau shiru?"

Na miƙe. A raina na ce, ai wannan ba gulma ba ce, addu'a ce. Ai na ce mata zan sa su a addu'a. Na fara da cewa akwai wata baiwar Allah da ke cikin matsi. Da na tsaya nan, da shi ke nan. Amma sai na ga mata sun juyo, sun yi tsit, duk ido a kaina, ni da aka saba bari a gefe ina gyara ɗankwali. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na faɗi rumbu. Na faɗi tafasa. Na kwaikwayi ƙarar turmin da hannuna a kan benci. Na faɗi cikin wata huɗu. Wata ta ce, "Wayyo, wace ce?" Na ce maƙwabciyata ce, Hajara matar Malam Sule. Mu kusan talatin ne a ɗakin ran nan.

Mama Rahila tana share hawaye ta ce addu'a ba ta tafiya hannu sake. Nan take aka yanke cewa kowace mace ta kawo abin da ta iya, mudu ko rabi, ran Asabar a kai ziyara. Matan nan su ma fama suke yi, wasu daga bakin 'ya'yansu suka rage. Ba wanda ya yi da mugun nufi. A wurinmu, in zumunta ta tashi ta je gidanki da waƙa, girmamawa ce babba, mace takan yi shekaru tana ba da labari. Na koma gida ran nan ina jin kaina kamar na yi abin kirki. Ban gaya wa Hajara ba, wai don in ba ta mamaki.

Ran Asabar suka iso bayan la'asar, su goma sha biyu, duk cikin ankon zumunta, zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya. Buhu guda na gero da masara a kan baro. Tun daga bakin titi suka ɗauko waƙa. A daidai lokacin maza sun fito daga masallacin unguwa, suna zazzaune a kan dakali. Yara suka biyo baron. Ni kuma, Saratu mai wayo, na ɗaura nawa ankon na shige gaba, ni ce mai nuna hanya.

Malam Sule ya taso daga cikin mutane ya tsaya a ƙofar zaurensa. Mutum ne marar hayaniya, ramar da ya yi ta sa rigarsa ta yi masa yawa. Ya amsa gaisuwa da ladabi, ya tambayi ko lafiya. Mama Rahila ta ce sun kawo wa iyalinsa ɗan taimako ne saboda halin da ake ciki.

Ya ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma ina jin an yi ɓatan kai. Gidan nan ba a kwana da yunwa. Ku kai wa mabukata."

Mama Rahila ta matsa kusa, da muryarta da ba ta san ƙasa-ƙasa ba, ta ce, "Haba Malam, yunwa ai ba abin kunya ba ce. Mun ji komai. Mun ji har dusa take dakawa don kada maƙwabta su gane, ga ta kuma da juna biyu. Maman Iliya ta faɗa mana, duk mun yi kuka."

Mutanen kan dakali wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ƙura ido. Daga can baya wani ya ce, "To fa, yanzu kuma da hatsi ake farautar mutane." Malam Sule bai dubi mai maganar ba, bai dubi Mama Rahila ba. Ni ya duba. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, irin na wanda ya taɓa yanka miki zakara. Sannan ya ce, "Mun gode," ya shiga ya ja ƙyaure. A lokacin na gane cewa tun isowarmu ana daka a cikin gidan, kuma yanzu an daina.

Muka juya da baron. Ba wadda ta sake waƙa. Mama Rahila tana tafe tana mita, wai girman kai ke kashe mutane. Buhun a coci ya ƙare, aka raba wa wasu. Da Baban Iliya ya dawo ya ji, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai ya ce, "Na ce ki kula da bakinki a waje, ashe a cikin gida zai ci mu." Ya je ya ba Malam Sule haƙuri. Malam ya ce babu komai.

Amma akwai komai. Magana ta zaga unguwa, kowa da irin tasa: masu cewa gidan Malam Sule ya ƙare, da masu cewa da ma an daɗe ana lallaɓa matarsa ta kan katanga. Har sai da dattawan masallaci suka kira shi suka tambaye shi. Daga baya wasu 'yan'uwansa Musulmi suka aika masa da hatsi, ya mayar, don karɓa yana nufin abin da aka faɗa a ƙofarsa gaskiya ne. Ya riƙa fita ƙodago a gonakin mutane can nesa, inda ba a san shi ba, ya dawo da abin da bai fi cikin hula ba.

Washegarin ziyarar na ɗora kwanon gari a kan katanga kamar kullum. Ya wuni a wurin. Kaji suka ture tsumman suka yi ta ci. Na sake ɗorawa, kwana biyar a jere, ba a taɓa ba. Na kira ta.

"Hajara, ina kwana?"

"Lafiya lau, Maman Iliya."

Ita da ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Saratu.

"Yaya yara?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Na ce ina son in shigo mu yi magana. Ta ce tana aiki, wani lokaci dai. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙi amsa gaisuwa ba ko sau ɗaya. Ni kuwa na koma hira da kaji, sai dai yanzu ba na iya ɗaga murya, don na san tana ji.

Marka ta sauka. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya, kwana da kwanaki ba a ganin rana. Itace ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa, bango ya yi gansakuka, sauro ya yi yawa. Wannan ne lokacin da yunwa ta fi cizo: gero ya yi tsayi ya fara fitar da kai, ido na gani, baki ba ya samu. Ina dafa tuwona in zauna a bakin ƙofa ina kallon ruwa na zuba daga indararo, in kasa ci, don na san abin da ke bayan katanga. Na yi addu'a a kwanakin nan fiye da duk wadda na taɓa yi, ni kaɗai, ba a coci ba. Ranar Talata in an zo roƙon addu'a sai in sunkuyar da kai. A wani mako cikin markar nan Baban Iliya yana gida, ogansa ya yi tafiya ƙasar waje, motar ofis tana ajiye a ƙofarmu an rufe ta da tamfol.

Ran Alhamis ruwa ya ɗan tsagaita, Adda Mairo, Bafillatanar da ke kawo mana nono, ta shigo ta sauke ƙwarya. Tana auna mini ta ce, "Yaya jikin maƙwabciyar taki?"

Na ce, "Wace?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki. "Matar Malam Sule mana. Ai cikin ya zube. Kwana uku tana zubar da jini, shekaranjiya da rana suka tafi asibiti a ƙasa cikin ruwan nan, Malam yana riƙe da ita. Ni na gamu da su a hanya. Ke da kuke katanga ɗaya?"

Duk safiyar kwana ukun nan na gaishe ta, kuma duk ta ce mini lafiya lau.

Ban san lokacin da na bar Adda Mairo da ƙwaryarta ba. Na zaga babu ko gyale. Malam ba ya nan. Na same ta kwance a kan tabarma a ɗaki, an lulluɓe ta da zane biyu, fuskarta ta yi fari, leɓenta ya bushe. Ta gan ni, ta yi ƙoƙarin tashi zaune, na ce ta kwanta. Na durƙusa a gefenta, kuka ya ƙwace mini.

"Hajara, mota tana ƙofar gida! Baban Iliya yana nan! Ko katanga kika doka ai da na ji. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta dubi rufin ɗaki, inda ruwa ke ɗiga cikin wata tasa. Da ta yi magana, babu fushi a muryarta ko kaɗan.

"Na zo, Saratu. Sau biyu ina jan jiki zuwa jikin katanga. Ina jin ki kina wanke-wanke. Na buɗe baki zan kira ki, sai na ga kamar mata talatin zan gaya wa."

Na zauna a nan har la'asar. Na zubar da ruwan tasar, na hura mata wuta, na wanke tukwane. Da zan tafi na ce ta yafe mini don girman Allah. Ta ce ta yafe tuntuni, kuma na yarda, don Hajara ba ta ƙarya.

Bayan mako uku aka fara cin tumu. Gero ya yi kyau a shekarar, rumbun Malam Sule ya cika. Mun ƙara shekara shida a Takur kafin Baban Iliya ya yi ritaya. Ta ci gaba da aiko mini da naman Sallah, ta zo har ƙofa ta yi mana sallama ran da za mu tashi. A cikin shekara shidan nan ta yi haihuwa biyu, ta rasa mahaifiyarta, babbar 'yarta ta yi aure. Kowanne a bakin mutane na ji.